Rubuta Siririyar Muryar Fiyano

Duk wanda ya taɓa halartar bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka soma tun 1934, ya san cewa sa'ad da Sarkin Kabi ya doso bakin Matan Fada, ganguna na ruri, jama'a na sowa, muryar algaita ce, saboda sirantarta, take keta hayaniyar nan har ta iso kunne. Irin wannan murya samarinmu masu kiɗan fiyano a Birnin Kebbi suke nema can ƙarshen madannai ta hannun dama, galibinsu kuwa da kunne suke kamo ta. Amma ranar da ɗayansu ya yi nufin rubuta abin da ya tsara, domin wani ya buga shi a bayansa, sai ya tarar da wata mas'ala wadda ta cancanci bayani.

Asalinta shi ne, ana rubuta kiɗa da ɗigogi bisa layuka biyar, tsarin da ya samo tushe daga wani malami na Italiya, Gido na Arezo, a ƙarni na 11, alhali cikakken fiyano madannai 88 gare shi. Layuka biyar ba su ɗaukar wannan, ko da an ba kowane hannu nasa. Idan sauti ya haura layin ƙarshe, sai a riƙa ƙara masa guntayen layuka a bisa kamar matakan tsani, har madanni na ƙarshe yakan bukaci guda tara. Idon makaɗi kuwa, wanda yatsunsa ba su jiransa, ba ya iya ƙirga fiye da uku ko huɗu a kallo ɗaya.

Hikimar da aka fitar ta dogara ga cewa sautuka bakwai ne ke maimaita kansu, na takwas shi ne na fari, illa dai ya fi shi siranta. Wannan tazara ita ce zango. Sai a rubuta ɗigon a ƙasa inda ido ya saba, a ɗora masa alamar 8va, ma'ana a buga shi zango ɗaya sama da inda aka gan shi, in kuwa zango biyu ne a sa 15ma. Mai karatu zai ce, ashe ba 16 ya kamata ba? A'a, ƙirgen kamar na kwanan suna ne: jaririn da aka haifa ran Litinin, ran Litinin ta gaba ake raɗa masa suna. In ka lissafa Litinin ɗin duka biyu kwana takwas ke nan, in ka kai Litinin ta uku goma sha biyar. Da 15ma, layukan nan tara sun koma biyu.

Sai dai alama tana da sharuɗɗa, kuma wanda ya yi karatun allo ya san haka, domin ya ga yadda madda, ƙanƙantarta duka, take canja karatu idan ta sauka bisa harafin da ba nata ba. Wajibi ne a ja tsinkakken layi daga alamar har zuwa ɗigon ƙarshe da ta shafa, a rufe shi da 'yar ƙugiya, a sabunta alamar a farkon kowace shaɗara. Wasu marubuta, don ihtiyaɗi, sukan ƙara kalmar loco, wato a koma mazauni na asali. Hukuncinta bai wuce layuka biyar ɗin da take kansu ba. A ganina, abin ƙi ne a sa ta saboda ɗigo ɗaya ko biyu, ko a tsinka jimlar kiɗa da ita a tsakiya, don kuwa sai ido ya ga ɗigo ya gangara alhali sauti hawa yake yi, yatsa ya rikice.

Hannun hagu maganinsa dabam ne. Layukansa suna buɗewa da wata alama da ake kira mabuɗin kakkaurar murya, to idan ya haura ya daɗe a can, sai a sauya masa mabuɗi zuwa na siririyar murya daf da wurin hawan. Akwai kuma mabuɗi mai ɗan ƙaramin 8 a kansa, wanda manhajojin kwamfuta ke bayarwa. Ban yarda da shi ga fiyano ba, domin makaɗi yakan wuce shi bai lura ba, ya buga shafi guda cur a zangon da ba shi ba.

Masu sarewar Turawa da masu gogensu sun fi son guntayen layukan, saboda kamun yatsunsu yana sauyawa daga zango zuwa zango, fiyano kuwa fasalinsa ɗaya ne tun daga hagu har dama. Amma fiyanon lantarki irin na Yamaha mai madannai 61, zango biyar ne iyakarsa, saboda haka mai shi ba ya bukatar 15ma sam: 8va da guntayen layuka biyu sun kai shi madanninsa na ƙarshe.