Kantin Da Mai Saye Shi Ne Ɗan Dako

A ran Alhamis ta huɗu cikin watan Nuwamba na kowace shekara mutanen Amurka kan yi bikin da suke kira Ranar Godiya, wanda Shugaba Abraham Lincoln ya mai da shi na ƙasa baki ɗaya a 1863, majalisar dokokinsu kuma ta tsai da ranarsa a 1941. Bikin kaka ne. Ba a yin sabon ɗinki dominsa, ba a rabon kyauta, abinci kawai ke tara dangi na kusa da na nesa.

Sarkin abincin kuwa shi ne talotalo, a cusa masa gutsattsarin burodi da albasa da ganyayen ƙamshi a gasa shi ɗungurungum. Ana haɗa shi da dankali, da wani romo ja na 'ya'yan itacen kiranberi mai tsami kamar zoɓo, a ƙarasa da wainar kabewa mai zaƙi. Girkin ba na rana ɗaya ba ne, gama talotalo mai nauyin kilo 7, in daskararre ne, sai ya kwana uku ko huɗu cikin firiji kafin ƙanƙararsa ta saki. Saboda haka tun mako guda kafin bikin kantuna ke cika maƙil, uwargida na lissafin baƙinta tana duban aljihu.

A unguwar Park Slope ta Buruklin, cikin birnin Niyok, akwai wani kantin gama kai mai suna Park Slope Food Coop, wanda waɗansu mazauna unguwar suka kafa a 1973 don sauƙaƙa wa junansu tsadar cefane. Masu watandar sa a jajibirin Salla za su gane dabarar nan da nan, watau a haɗa ƙarfi a sayo a sari, a kawar da ribar ɗan tsakiya. Sai dai su waɗannan ba kuɗi kaɗai suke haɗawa ba, har da gumi. Ba mai sayen ko albasa ɗaya a ciki sai ɗan ƙungiya, ɗan ƙungiya kuwa wajibi ne ya yi wa kantin aikin awa 2 da minti 45 a duk lokacin da layinsa ya zo. Shekara da shekaru a kowane mako huɗu ake yin wannan aiki, sai bayan annobar korona ta 2020 aka ƙara tazara. Lauya ne ko direban tasi, malamar jami'a ce ko mai jinya, kowa ya sha ɗamara. Wani ya yi sammako ya sauke kaya daga mota, wani ya sauka ɗakin ƙasa yana yanka cuku yana ƙulla kayan yaji, wani ya zauna karɓar kuɗi. Wanda ya yi ta fashi bai rama ba, sai a dakatar da shi daga sayayya.

Wannan gumi shi ne asirin arahar. Da yake albashin ma'aikata bai danne kantin ba, ya daɗe yana ɗora kashi 21 cikin 100 kacal a kan kuɗin sari. A 2020, da annoba ta hana 'yan ƙungiya aiki aka koma biyan ma'aikata, sai ƙarin ya hau zuwa kashi 25. Ba a bukatar wata hujja bayan wannan.

Makon Ranar Godiya shi ne zakaran gwajin dafi. Kabewa da tuffa na kwararowa daga gonakin kwarin kogin Hudson, ga 'yan ƙungiya da suka kai kimanin 17,000 kafin annoba, ga lungunan kantin matsattsu, ga shi kuma wanda ya kamata ya jera kaya shi ma tukunyarsa na jiransa a gida. Dogon layi ya zama jiki, har ma jaridar ƙungiyar sunanta Linewaiters' Gazette, watau jaridar masu jiran layi.

A bakin ƙofa kuma akwai waɗanda aikinsu rakiya ce. Suna sanye da 'yar shara ruwan lemo, su bi mai saye da talotalonsa zuwa gida, in kusa ne, ko zuwa tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, sa'an nan su turo keken kaya su komo da shi don na baya.