Tattara matani ta hannun firoksi: abin da ɗalibin harshe ya kamata ya kula da shi

Duk wanda ya ƙudurci nazarin Hausar da ake rubutawa a yau yana buƙatar rumbun matani, kuma kwafar dubban shafuka da hannu aiki ne da ba ya ƙarewa. Shi ya sa ɗalibai suke rubuta ɗan gajeren shiri, galibi da Python, wanda zai bi adireshi ɗaya bayan ɗaya yana ɗauko matani. Sai dai sau da yawa shafin yakan buɗe a burauza, amma shirin ya kasa ɗauko shi a kwamfuta guda. Dalili a nan shi ne firoksi.

Firoksi wata kwamfuta ce da ke tsaye tsakanin mai nema da intanet, kamar dillali a kasuwa: ita ake miƙa wa buƙata, ita ke zuwa ta karɓo. Makarantu da ma'aikatu kan girka ta domin tace zirga-zirga da rage cin data. Burauza takan san da ita daga saitin kwamfuta, shiri kuwa yakan buƙaci a faɗa masa. Ana ba shi adireshinta da lambar ƙofarta, wadda sau da yawa 8080 ce, ko 3128 idan Squid ake amfani da shi. Ana iya rubuta su a cikin http_proxy da https_proxy, waɗanda curl da laburaren requests duk suke karantawa. Idan amsa ta dawo da lamba 407, firoksi ce ke neman suna da kalmar sirri. Lamba 429 kuma gargaɗi ce cewa buƙatu sun yi yawa, a sassauta.

Waɗannan matsaloli suna da sauƙi, domin suna bayyana kansu. Wadda ta fi haɗari ga mai nazarin harshe ita ce wadda ba ta magana. Firoksi na iya mayar da shafin kanta, na neman shiga ko na sanarwar toshewa, wani lokaci ɗauke da lamba 200 mai nuna komai lafiya. Shirin zai adana shi a matsayin labarin Hausa. Idan hakan ta faru sau ɗari uku, kalmomin baƙon harshe na sanarwar za su hau saman jadawalin ƙidaya, har mai bincike ya ɗauka ya gano yawaitar aro. Haka nan tana iya bayar da tsohon kwafin da ta ajiye, ranar da aka rubuta wa matanin ta zama ba daidai ba.

A shafukan HTTPS, firoksi tana buɗe hanya ne kawai da umarnin CONNECT, ba ta ganin abin da ke ciki. Saboda haka idan shiri ya yi ƙorafi a kan takardar shaidar shafi, kashe binciken shaidar ba magani ba ne; a tuntuɓi mai kula da intanet na wurin.

Akwai kuma batun haruffa masu ƙugiya. Idan amsar da ta zo ba ta ambaci tsarin haruffa ba, requests yakan ɗauke ta a matsayin ISO-8859-1, sai ƙ ta rikiɗe zuwa Æ da wata alama marar fita, “ƙasa” ta ɓace daga ƙidaya. A umarce shi ya karanta da UTF-8.

Don haka kowane shafi a adana shi tare da adireshinsa, ranar ɗauko shi, lambar amsa da tsawonsa. Fayiloli da yawa masu tsawo iri ɗaya alama ce ta shafin firoksi. A duba robots.txt, a bar ɗan jinkiri tsakanin buƙatu. Kafin a fara kowace ƙidaya kuma, a buɗe fayiloli ashirin ko talatin a karanta su da ido.