Kati Biyu a Kwamfutar Tace Fim: Ina Ribar Take?

Jos garin masu fim ne tun kafin a raɗa wa Kannywood suna. A nan Hukumar Fina-finai ta Najeriya, wadda aka kafa a 1979, take da hedikwata, ga makarantarta ta koyar da aikin fim, ga kwalejin talabijin ta NTA a Rayfield.  Don haka garin bai rasa editoci ba, manya da masu tasowa, kuma kukansu kusan iri ɗaya ne: kwamfuta tana jan ƙafa, hoto yana tsinkewa, renda ta kwana ba ta gama ba.

Nauyin ya ƙaru ne tun da kyamarori suka koma 4K. Hoto guda na 4K yana da ɗigo sama da miliyan 8, ninki huɗu na 1080, kuma a daƙiƙa ɗaya ana bukatar irinsa 24 ko 25. Gyaran launi, rage dusar hoton dare, da sauran kwalliya, duk katin sarrafa hoto ne yake ɗaukar dakonsu. Shi ya sa da zarar aiki ya cije sai wani ya ce, "Ka ƙara kati mana, ai biyu sun fi ɗaya."

Wani lokaci sun fi ɗin, amma sai manhajar ta yarda. DaVinci Resolve na kamfanin Blackmagic Design, wanda ake saukewa kyauta, kati ɗaya yake aiki da shi. Sai wanda ya sayi na kuɗi, wato Studio, a kan dala 295, zai mori na biyun. Premiere Pro na Adobe, wanda editocinmu suka fi sabawa da shi, yakan taɓa kati na biyu wajen fitar da aiki, amma lokacin da kake yanka kana kallo kati ɗaya ne ke aiki, kuma saurin da ake samu bai cika kai kuɗin da aka zuba ba. Inda kati biyu ke nuna kansu sosai shi ne zanen 3D a manhaja irin Blender, domin can ana iya raba hoto kowa ya ɗauki rabonsa, lokacin jira ya ragu kusan rabi. Masu tuna SLI na NVIDIA da CrossFire na AMD su sani cewa don wasannin kwamfuta aka yi su, tace fim bai dogara da su ba. Katin RTX 4090 da ya fito a 2022 ma ba shi da gurbin haɗa shi da ɗan'uwansa.

Babban kuskuren yana wajen ma'adanar kati. Mai kati biyu masu gigabayit 8 kowanne yakan ɗauka ya mallaki 16. Bai mallaka ba. Kamar teloli biyu ne a shago guda: ɗinki zai yi sauri, amma kowannensu sai ya shimfiɗa yadin gaba ɗaya a kan teburinsa, kuma in tebur ya yi wa yadi kaɗan, ƙaro tela mai irin teburin ba ya magani. Kowane kati yana riƙe nasa kwafin hoton. Idan aikin 4K ya cika gigabayit 8, Resolve zai yi ƙorafin ma'adana ta cika ko da kati nawa aka jera. In kuma an haɗa babba da ƙarami, ƙaramin yakan ja babban baya.

Sau da yawa ma ba katin ne mai laifi ba. Yawancin kyamarori da wayoyi suna matse bidiyo a tsarin H.264 ko H.265, kuma warware shi yana gajiyar da furosesa. Ga tsohon hadis mai juyawa da aka cika da ayyukan biki goma. Wanda ya mayar da aikinsa kan SSD, ya ƙara RAM, ya kuma saba yin furoksi, wato kwafi marar nauyi da ake yanka a kansa kafin a koma wa na asali ranar fitarwa, zai ga canjin da kati na biyu ba zai ba shi ba. Furoksi kuwa ko sisi ba ya ci, sai haƙurin jira na farko.

Sai maganar wuta, wadda ita ce alƙali a nan. RTX 3060 yana shan wat 170, RTX 3090 yana shan 350. Biyu na 3090 sun kai 700 kafin a lissafa furosesa da allon kallo, ke nan sai an sake akwatin wutar kwamfutar, kuma ƙaramar inbata ba za ta ɗauka ba. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kowace awa ta janareto tana fita ne daga ribar edita. A Afrilun 2024 kuma aka kai kuɗin wutar rukunin A naira 225 kowane yunit. Sanyin Jos, da ke kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, yana taimakon na'ura, ba a musu. To amma ƙurar hunturu ba ta san wannan ba. Kati biyu da aka matse a akwati guda, na sama yana shaƙar zafin na ƙasa, fanka ta toshe, sai kowannensu ya rage gudu don kare kansa.

A yi hattara da kati na hannu. Bayan an daina haƙar kuɗin intanet na Ethereum da katin hoto a Satumban 2022, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana sun cika kasuwannin duniya. Ko a titin Ahmadu Bello za ka saya ko daga Ikeja za a aiko maka, a kunna shi a ɗora masa aiki mai nauyi a gabanka ko gaban wakilinka, a duba zafinsa.

A ganina, mai fim ɗin biki da shirin YouTube ya haɗa kuɗin kati biyun ya sayi guda mai ma'adanar gigabayit 12 zuwa 16, ragowar ya zuba a SSD da batir. Kati na biyu na situdiyon da ke gyaran launi a Resolve Studio ne ko zanen 3D kullum, mai wutar da za ta riƙe shi, kuma shi ma ya zama irin na farkon sak, a kan babban allon da ke da gurabu biyu masu tazarar da iska za ta ratsa.