Tasawa da Mayayi: me ya sa intanet na waya ke ƙin tashi bayan an zuba wa kwamfuta sabon Windows?

Tun ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10, abin da ya sa ofisoshi da makarantu da masu shagunan buga takardu ke sauya manhajar da ke tafiyar da kwamfutocinsu. A gundumomin Tasawa da Mayayi na jihar Maradi, inda kwamfutoci da dama na hannu ne irin su HP da Dell da Lenovo, sauyin kan zo da matsala: an wanke kwamfuta, an zuba sabon tsari, an soke waya, amma intanet shiru. A nan ne wasu ke yanke hukuncin cewa na'ura ta mutu, su ɗauke ta zuwa Maradi ko Damagaram, aiki ya tsaya kwana da kwanaki. Alhali sau da yawa gyaran bai wuce na rabin sa'a ba, in aka bi matakan da ke ƙasa ɗaya bayan ɗaya.

Daga ina intanet ɗin ke zuwa?

Waya ba ta ƙirƙirar intanet, ɗauko shi take daga akwatin da Faransawa ke kira « routeur » ko « box ». Akwatin kan iya zama na layin Niger Telecoms, kamfanin da aka kafa a 2016 bayan haɗe Sonitel da SahelCom, ko mai ɗauke da layin 4G na Airtel, Moov Africa ko Zamani Telecom, ko kuma na Starlink da ya soma aiki a Nijar a 2025. Don haka kafin a taɓa kwamfuta, a haɗa salula da wifi na akwatin. In salular ma ba ta buɗe komai ba, to laifin na rezo ne ko forfe ya ƙare. In ta buɗe, sai a juyo kan waya da kwamfuta.

Mataki na farko: waya da fitilunta

Ramin da ake soke wayar, wanda ake kira RJ45, a yawancin kwamfutoci yana da ƙananan fitilu biyu. In suna kunne, ɗaya na ƙyaftawa, to waya ta isa. In babu haske, a gwada wata waya, a kuma sauya rami a jikin akwatin, a tabbata an soke a wanda aka rubuta LAN. Na WAN hanyar shigowar layi ce daga waje.

A cikin wayar akwai ƙananan silaye 8, yankewar guda na iya hana aiki ko ta rage gudu. Ƙa'ida ita ce kada tsawonta ya wuce mita 100. Ƙurar hunturu kan toshe ramin, haka kuma ƴar robar da ke riƙe kan waya in ta karye sai ya riƙa zamewa. Da damina kuwa tsawa kan bi wayar da aka ja a waje daga wani gini zuwa wani, ta ƙone ramin. Ko hakan ta faru ba sai an sayi wata kwamfuta ba: akwai ƙaramin adafta na USB mai ramin RJ45 da ke maye gurbinsa.

Mataki na biyu: tafintan da ake kira « pilote »

Nan ne matsalar ta fi yawa. Katin rezo da ke cikin kwamfuta da Windows ba sa jin yaren juna sai da wata ƙaramar manhaja, « pilote », wadda ke zama tafinta tsakaninsu. Wankin kwamfuta yana share ta. In sabon tsarin bai zo da ita ba, katin lafiyarsa ƙalau, amma ba mai magana da shi. Windows 7, wanda aka daina kula da shi tun Janairun 2020, ya yi suna wajen wannan. Windows 10 da 11 sun san kati da yawa, sai dai ba duka ba.

Don dubawa, a danna maɓallin Windows tare da X, a zaɓi « Gestionnaire de périphériques ». In aka ga « Contrôleur Ethernet » da alamar gargaɗi rawaya, to tafinta ne babu. A buɗe « Propriétés », a shiga « Détails », a nemi lambobin shaidar na'urar. Abin da ke biye da VEN shi ke faɗin kamfanin da ya ƙera katin: 10EC na Realtek ne, 8086 na Intel, 14E4 na Broadcom.

To yaya za a sauko da shi alhali babu intanet? Hanya biyu ce. Ta farko, a haɗa salular Android da kwamfutar ta wayar caji mai ɗaukar bayanai, a kunna raba intanet ta USB. Windows 10 da 11 kan gane ta nan take, daga nan Windows Update ya nemo abin da ya ɓace. Ta biyu, a je wata kwamfutar, a shiga shafin HP, Dell ko Lenovo, a rubuta samfurin na'urar, a kwafo « pilote » ɗin a kile USB. A guji shafukan da ke alƙawarin gyara komai da dannawa ɗaya, domin da yawansu ƙwayar cuta suke shigowa da ita.

In katin bai bayyana ba ko kaɗan, a leƙa BIOS, wani lokaci a can aka kashe shi. Masu tsofaffin na'urorin da Windows 11 ya ƙi karɓa saboda rashin TPM 2.0 kuwa suna da zaɓin Ubuntu ko Linux Mint: kyauta ne, suna da Faransanci, kuma galibi suna gane katin Intel da Realtek tun daga farko.

Mataki na uku: adireshi

Kowace kwamfuta a rezo tana buƙatar lambar adireshi, kamar lambar gida a unguwa, kuma akwatin ne ke rabawa ta tsarin DHCP. A buɗe « Invite de commandes », a rubuta ipconfig. Lambar da ta fara da 192.168 na nuna akwatin ya amsa. Wadda ta fara da 169.254 kuwa na nufin kwamfuta ta nemi adireshi ba ta samu ba, sai ta ba kanta. A kashe akwatin, a sake kunnawa, sannan a rubuta ipconfig /renew.

A wasu ofisoshi da hannu mai haɗa rezo ya saka adireshin, wanki kuma ya share shi. A irin wannan hali sai an samo lambobin daga wanda ya yi aikin. Kada a kwafi na kwamfutar maƙwabci dungum, domin na'ura biyu ba sa zama kan adireshi ɗaya.

Sai a rubuta ping 8.8.8.8. In amsa ta zo amma shafuka ba sa buɗewa, matsalar ta DNS ce, wato tsarin da ke mayar da sunan shafi zuwa lamba. Ana iya saka 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare.

Mataki na huɗu: kwanan wata

Tsohuwar kwamfuta kan mance rana da sa'a idan ƙaramin batirin cikinta, CR2032, ya mutu. In kwanan wata ya koma shekarun baya, shafuka za su riƙa cewa haɗin ba amintacce ba ne, mutum ya ɗauka intanet ne babu. A gyara rana, a zaɓi lokacin Nijar, wato UTC+1, a kuma sauya batirin.

A yi hattara da forfe

Da zarar intanet ya tashi, sabon Windows zai soma sauko da gyare-gyare masu nauyin giga da dama, domin ɗauka yake duk layin waya ba shi da iyaka. Mai akwatin 4G na iya ganin forfen wata ya narke cikin yini. A shiga « Paramètres », « Réseau et Internet », « Ethernet », a kunna « Connexion limitée ». Amma kada a bar gyare-gyaren tsaro har abada, a ware musu lokaci.

Kafin wanki na gaba

Rigakafi ya fi magani. Tun tsohon tsarin na aiki, a ɗauki hoton abin da ipconfig /all ya nuna, a sauko da « pilote » na katin rezo a ajiye a kile. Wannan ya fi zama dole ga Windows 11, wanda ke neman intanet tun ana tsakiyar zuba shi. Shugaban makaranta ko mai shago da ya ba da kwamfuta wanki kuma, kada ya biya kuɗin aiki sai an soke waya an buɗe shafi a gabansa.