Babi na Tara: Wa Ya Kashe Manyan Kantunan Tsakiyar Birni?

Duk wanda ka tambaya a yau musabbabin rufewar manyan kantunan tsakiyar biranen Turai da Amurka, waɗanda mutum kan shiga ta ƙofa ɗaya ya sayi riga da gado da turare da tukunya ba tare da ya sake taka titi ba, kafin ka rufe baki zai ce maka intanet ce, sai ka ce malamai ne suka yi ijma'i a kan mas'alar. Wannan fatawa ce ta wanda bai buɗe littafin tarihi ba, kuma hakika na gaji da jinta.

Ga hujja. A birnin Detroit na Amurka, hedikwatar ƙera motoci, akwai kantin Hudson a kan titin Woodward, gini mai hawa fiye da 20, wanda a faɗin ƙasar babu kantin da ya fi shi girma sai na Macy da ke New York. An rufe shi a watan Janairu na 1983, alhali kamfanin Amazon, wanda ake ɗora wa alhakin kowace gawa, ba a kafa shi ba sai 1994. To, yaya wanda ba a haifa ba zai yi kisan kai?

Abin mamaki, kuma a nan nake so mai karatu ya yi haƙuri da ni, masu kantin Hudson ɗin ne da kansu suka ɗauko wanda ya gina musu kabari, suka biya shi lada. Sunansa Victor Gruen, Bayahude ne mai zanen gine-gine, haifaffen birnin Viyana na Ostiriya, wanda ya tsere wa 'yan Nazi a 1938 ya sauka Amurka hannu rabbana. Da masu Hudson suka ga masu hali suna ƙaura daga cikin birni zuwa sababbin unguwannin bayan gari, kowa da motarsa, sai suka sa shi ya zana musu rukunin kantuna a can, da fili na ajiye dubban motoci kyauta. Aka buɗe shi a 1954 da sunan Northland. Bayan shekara biyu aka buɗe Southdale, wani rukunin da ya zana a jihar Minnesota, wanda aka rufe da rufi guda aka sa masa na'urar daidaita zafi da sanyi, ta yadda ƙanƙara ba ta hana ciniki.

Shi kuwa bawan Allah ba wannan ce niyyarsa ba. Dandalin garinsu yake bege, inda mutane kan taka da ƙafa su gaisa su zauna shan gahawa, saboda haka a zanensa ya tanadi gidaje da makarantu da asibiti da lambu kewaye da kantunan, domin a sami gari mai rai. Amma masu jari, da yake riba suka fito nema ba zumunci ba, sai suka ɗauki kantunan da filin motoci, suka bar sauran a takarda, kana suka kwaikwayi abin a ko'ina cikin ƙasar, gwamnati kuma tana shimfiɗa musu manyan hanyoyi tun daga dokar gina hanyoyi ta 1956, tana sassauta musu haraji a kan sababbin gine-gine. A 1978, cikin wani jawabi a Landan, dattijon ya barranta daga abin da ya haifa, ya ce ba 'ya'yansa ba ne. Ya rasu a Viyana a 1980, bayan ya ga an gina irin wannan rukuni a kudu da birnin nasa.

Saye daga nesa ma ai ba bidi'ar zamaninmu ba ce. Tun kafin 1900 kamfanin Sears yake aika wa manoma littafin hajarsa ta gidan waya, su zaɓa a kawo musu, daga 1908 kuma har gida sukutum ana iya saye a aiko shi gunduwa-gunduwa a jirgin ƙasa, kuma kantunan birni ba su mutu ba a lokacin. Mu ma nan, kantin Kingsway da dattawanmu suke ba da labari ya dushe tun ba mu san kwamfuta ba.

A Ingila cutar ta zo da wata fuska, wato bashi. Kantin Debenhams, wanda asalinsa ya koma 1778, wasu masu jari suka saye shi a 2003 da kuɗin rance, suka ɗora masa bashin, suka sayar da gine-ginensa ya koma ɗan haya a cikinsu. Bayanin lissafin yana da tsawo, ba kuma za mu shiga ba. Ban hana intanet da annobar korona rabonsu ba, amma majinyaci suka tarar a kwance. An rufe rassansa na ƙarshe a 2021, kamfanin Boohoo ya sayi sunan kaɗai a kan fam miliyan 55, bai karɓi ko kanti ɗaya ba.

A can Detroit kuwa, ginin Hudson an rushe shi da nakiya a watan Oktoba na 1998. Northland kuma, wanda ya janye masa masu saye, da aka gina waɗanda suka fi shi sabunta a wurare masu nisa, shi ma ciniki ya guje shi, aka rufe shi a 2015.