Hutun Hunturu: Kara, Yumɓu da Ƙyalle Sun Ishi Yaranki Wasa da Ƙawata Ɗaki

Makarantun boko sun kammala zangon farko, daga tsakiyar Disamba zuwa farkon Janairu yara suna gida. Da asuba a nan Ɗanbatta sanyi kan sauko ƙasa da digiri 15, hazo ya rufe gari, ba uwar da za ta so ɗanta ya fita da sassafe. To ina yaron zai nufa? Wuri biyu ne: ko gindin murhu wajen jin ɗumi, ko wayarki.

Dukansu biyun suna da abin dubawa. Duk ma'aikaciyar jinyar da ta taɓa yin hunturu a ɗakin yara ta san lokacin ƙuna ne: garwashin kasko, ruwan wanka da aka sauke aka juya baya, tukunyar koko, rigar sanyi ta roba da ta lashi wuta. Waya kuwa, tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba a gaban allo, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Ki ƙirga na gidanki da kanki.

Abin da Allah Ya yi mana shi ne hutun nan yana faɗowa daidai bayan kaka. An yanke dawa, an ɗaure kara dami-dami, an fafe duma, ɓawon gyaɗa ya taru a bayan ɗaki. Kayan da uwa a Turai take sa kuɗi ta sayo a kanti don yaranta su yi ƙawar Kirsimeti, mu gona ta riga ta ba mu irinsu. Abin da ya rage shi ne uwa ta shimfiɗa tabarma a inda hantsi ke bugawa, ta ware awa guda, ta zauna da su.

Karan dawa

Mu fara da kara, don shi ne uban tafiya. Ki zaɓi wanda ya bushe sarai, mai kauri, wanda ƙwari ba su huda ba. Kafin yaro ya taɓa damin, ki sa babba ya kwance shi ya karkaɗe a fili, domin kunama na son ɓuya a cikinsa. A yanka shi gaɓa-gaɓa. Kowace gaɓa abu biyu ce: ɓawo mai ƙarfi a waje, da totuwa mai laushi a ciki. Ana ɓare ɓawon siri-siri, shi ne ƙusa kuma shi ne sanda. Totuwar ita ce jiki. Sirrin aikin kaf ɗinsa shi ne soka ɓawon a cikin totuwa, ba gam ba zare.

Tabarau shi ya fi sauƙi, kuma shi ya fi sa dariya. A lanƙwasa ɓawo biyu su yi zobe, a soke bakinsu a guntun totuwa a tsakiya, a ƙara hannu biyu da za su hau kunne. Ɗan shekara 5 zai iya in an ɓare masa. Daga nan sai kujera, gado, rumbu mai hula, kejin tsuntsu. Mota kuwa ta manya ce, 'yan shekara 8 zuwa sama, domin sai an auna: totuwa huɗu dogaye su yi gindi, gajeru su tsaya a kusurwa, a yi taya da sakaina ko tsohon silifas da aka yanke aka huda tsakiya, tsinken tsintsiya mai kauri ya zama sandar taya. In tayar ba ta juya ba, kada ki karɓa ki gyara masa. Ki tambaye shi me ya riƙe ta. Yaron da ya gano da kansa cewa hudar ce ta yi ƙanƙanta ya koyi abin da ba a rubuta a allo.

A nan ga wata shawara: wannan aikin maigida ya fi ki iyawa, kusan tabbas. Mazan da suka tashi a Ɗanbatta, Makoɗa ko Kazaure, da wuya a sami wanda bai ƙera motar kara ba yana yaro. Ki ce, "Abban Sadiq, yaran nan fa ba su yarda ka iya ba." Ki koma gefe ki sha kallo.

Kara ba na maza kaɗai ba ne, kuma ba wasa kaɗai ake yi da shi ba. In aka jera gaɓoɓi huɗu aka ɗaure kusurwoyi da zare, an sami firam na rataye zanen yaro ko takardar sakamakonsa. In aka yanka totuwa ƙanana aka rina su kala-kala aka shirya a zare mai ƙarfi, layi goma ko sha biyu, an sami labulen ado na ƙofar ɗaki.

Sai batun yanka. Ɓawon kara kaifi gare shi kamar reza, yana kuma barin sartse. Ɓarewa da yankawa aikin babba ne, da ƙaramar wuƙar gida, a kan katako. Tsohuwar rezar da aka tsinta a bola ko wadda aka yi aski da ita, kada ta shigo wajen sam: ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa a busasshen jini aƙalla kwana 7. In an yanke, a wanke da sabulu da ruwa mai tsabta, a danne da ƙyalle mai tsabta har jini ya tsaya. Ban da toka, ban da ƙasa, ban da garin magani na kafso. In yankan ya yi zurfi, ko yaron bai cika allurarsa ta sati 6, 10 da 14 ba, wadda a cikinta akwai rigakafin cutar sarƙewar haƙora, a kai shi asibiti a ranar.

Launi da gam daga madafa

Fentin mai da ake shafa wa ƙofa ba na hannun yara ba ne, wasu nau'o'insa suna da dalma, ga shi sai da kananzir yake fita. Madafarki ta wadatar. Zoɓon da aka jiƙa da ruwa kaɗan ya yi kauri yana ba da ja mai duhu. Gangamau yana ba da rawaya. Gawayi da aka niƙa baƙi ne, farar ƙasa fari, lalle kuma ja-ja mai ruwan ƙasa. In kina da hanyar samun karan dafi, wato jan dawar da dukawa ke rina fata da ita, jansa ya fi na kowa kama totuwa da kaba.

Ga wani abu da yara ba sa gajiya da shi. Ki raba ruwan zoɓo a kofi uku. Ki matsa lemon tsami a na farko, zai ƙara haske ya yi ja wur. Ki ɗiga ruwan kanwa a na biyu, zai juye ya yi duhu, tsakanin shuɗi da kore. Na uku ki bar shi yadda yake. Kala uku ke nan daga abu ɗaya. Gangamau ma in ya haɗu da kanwa ja yake komawa. Sinadarin launin ne ke sauyawa gwargwadon tsami ko kanwar da ya tarar, darasin da sai a sakandare za a koya musu.

Gam kuwa, a dama cokali biyu na sitacin rogo ko fulawa a ruwan sanyi, a zuba tafasasshen ruwa ana juyawa kamar koko, a bari ya huce sarai kafin a miƙa wa yara. Ƙaro da aka jiƙa ya kwana shi ma yana kamawa da kyau. Gam ɗin nan na 'yar kwalba mai kamawa nan take, a ɓoye shi. Yana manne yatsu, yana manne fatar ido, kuma yaro ba ya bambanta kwalbarsa da ta maganin ido.

Da gam da kwali, sai zanen bango. Ki zana Dagin Arewa ko tauraro ko masallaci a bayan katan, yara su bi layin suna manna ɓawon gyaɗa, ƙwallon dabino, ƙwallon tsamiya ko tsakuwa masu kala. Ragowar ƙyallen da tela ke zubarwa, a roƙo, a yanka mai kusurwa uku a ɗinke a igiya, irin tutocin da ake ratayawa a unguwa lokacin Mauludi ko walimar sauka. Tsohuwar kalanda da littattafan zangon da ya wuce suna yin sarƙar takarda. A duba dai kafin a sa almakashi, kada a yanka takarda mai ayar Alƙur'ani ko sunan Allah.

Abin da bai kamata ya hau tabarmar ba

Nan nake so ki rage saurin karatu. Yara in an ce su samo 'ya'yan itace masu kyau, wanda ya fi ɗaukar ido suke kawowa, kuma a dajinmu wanda ya fi kyau shi ya fi haɗari. Idon zakara, ƙananan jajayen 'ya'yan nan masu ɗigon baƙi, guba ce mai ƙarfi. Ƙwaya ɗaya in aka tauna tana iya kashe yaro, kuma huda ta da allura don a yi sarƙa shi ma ganganci ne. 'Ya'yan zurma haka suke. 'Ya'yan bini-da-zugu, da ake shinge da shi, suna da ɗanɗano kamar gyaɗa, shi ya sa yara ke ci da yawa, sai amai da gudawa. Farin ruwan tumfafiya kuma in ya shiga ido yana ƙona shi. A yi ta wankewa da ruwa mai yawa, a tafi asibiti. Ki nuna wa yaranki waɗannan huɗun da hannu, su san su da suna.

In akwai ɗan ƙasa da shekara 3 a gidan, duk abin da bai kai girman ƙwan kaza ba a ɗauke shi daga inda hannunsa zai kai: duwatsun ado, maɓalli, ƙwallaye, fasasshen balan-balan. Shi nasa aikin, a ba shi babban kwali da ruwan zoɓo ya buga tafin hannu. In wake ko ƙwallo ya shiga hanci ko kunne, kada a bi shi da tsinke ko ashana, ƙara tura shi ake yi, kada kuma a zuba ruwa domin wake kumbura yake. Mafi muni shi ne ƙaramin batiri mai kama da kwabo, na cikin fitilun wasa da agogo. In yaro ya haɗiye shi ya maƙale, cikin awa 2 yana iya ƙona maƙoshi. Ba a jiran safiya, ba a sa shi amai, asibiti kai tsaye.

Ƙuna kuma, tunda da ita muka fara: a sa wurin a ƙarƙashin ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, na minti 20, a lulluɓe sauran jikin yaron don kada sanyi ya kama shi, a cire zobe ko awarwaro kafin kumburi. Man goge baki, ɗanyen ƙwai, gishiri, manja, duk ba su da gurbi a kan ƙuna. Mu a asibiti sai mun fara wanke su kafin mu ga ciwon, kuma wankin nan yaro ne ke shan azabarsa.

Yumɓu da kaba

Yumɓu sai rana ta ɗaga, wajen ƙarfe 11, don ruwa da sanyin safiya ba sa shiri da hannun yaro. Babba ne zai ɗebo shi. Ba a aika yara bakin kududdufi ko gaɓar dam ɗin Thomas su kaɗai. A cuɗa shi da ɗan yashi mai laushi. Iskar hunturu tana busar da waje kafin ciki, shi ya sa abin da aka shanya a rana yake tsagewa, don haka a ajiye a inuwa kwana biyu ko uku. Gidan da ba a son siffar mai rai, ga tukunya, murhu, turmi, kaskon turare, asusu. In an gama a wanke hannu da ruwan ɗumi a shafa man kaɗanya ko basilin, in ba haka ba gobe kaushi da tsagewa.

'Yan mata daga shekara 8 kuwa lokacin koyon saƙar faifai ne. Kaba da rini ba sa wuya a kasuwar Ɗanbatta ranar Lahadi, malamar kuma tana cikin gida ko maƙwabta. A tura su wajen Kaka ko Gwaggo da yamma. Faifan farko zai fito a karkace, ki rataye shi a jeren ɗakinki hakanan. Na uku ko na huɗu zai iya rufe ƙwarya, wata ma har ta sayar.

Abin da aka ƙera kada a bari akuya ta cinye. A sami katan guda a tara, a ɗora a saman sif inda ɓera da gara ba za su kai ba. Watan azumi yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, yana shigowa cikin sanyi, a 2030 ma sau biyu zai zo, farkon Janairu da ƙarshen Disamba. Tabarau na kara da gemun auduga za su yi wa 'yan tashe amfani, tutocin ƙyalle da labulen totuwa kuma a fito da su a rataya daren Sallah.