Ba Kowane Ciwon Hannu Ne Sanyi Ba

A matsayina na ɗalibin harshe, na daɗe da lura cewa kalmar "sanyi" ta zame mana rumbun zuba duk cutar da muka kasa raɗa wa suna. Goggona a Ƙauran Namoda ta shekara biyu tana shan jiƙon sanyi, alhali jijiya ce ta matse a wuyan hannunta. Yatsu uku, daga babba zuwa na tsakiya, sukan mutu cikin dare, har taɓarya ta gagare ta. Irinta nawa ne a Shinkafi da Zurmi?

Tun ciwon yana ɗanye, likitocin gashi kan sassauta shi da ɗaurin dare, filasta da hasken leza, kodayake sauƙin leza ba ya daɗewa. Idan tsokar gindin babban yatsa ta zabge, sai tiyata. Mu kira cutar da sunanta: matsewar jijiya.